Firebase a hannun ɗalibai masu gina manhajar haɗa masoya: inda yake isarwa da inda yake gazawa

Duk zangon karatun da aka kasa ɗaliban kimiyyar kwamfuta rukuni-rukuni, aka ce kowane rukuni ya gina manhajar da ke aiki a intanet, da wuya a rasa waɗanda za su ce su dai ta haɗa samari da 'yan mata za su yi, don nishaɗi. Zaɓi ne mai kyau ga mai son koyo, domin kusan duk abin da ake koyarwa a aji yana ciki: rajistar masu amfani, adana bayanai, lissafin wa ya dace da wa, hira ta nan take, ga kuma sirrin mutane da ya zama tilas a tsare. Wasan ba sabo ba ne a jami'o'i. Ɗaliban Harvard a Amurka suna gudanar da Datamatch tun 1994, ana cike tambayoyi na raha, kwamfuta ta fitar wa kowa da wanda ya dace da shi. Marriage Pact ta jami'ar Stanford kuwa a 2017 ta fara, a matsayin aikin aji na ɗalibai biyu a darasin tattalin arziki.

Abin da rukuni ke fara tsayawa a kai shi ne inda za a ɗora manhajar, kuma sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne Firebase, dandalin da ke ba manhaja masauki da rumbun bayanai a intanet, wanda Google ta saya a Oktoban 2014. Abubuwa biyar ɗinsa ne suka shafi wannan aiki: Authentication na rajista da shiga, Cloud Firestore rumbun bayanai, Cloud Storage ma'ajin hotuna, Hosting mai ɗauke da shafin, sai Cloud Functions mai tafiyar da kod a saba, wato babbar kwamfutar Google da manhajar ke magana da ita. Tsarin biyansa biyu ne: Spark na kyauta wanda ba ya neman katin banki, da Blaze wanda ake biya gwargwadon amfani. Mun auna shi ne da bukatar rukunin mutum huɗu ko biyar, masu zangon karatu ɗaya a hannu, ba su da katin dala, kuma masu amfani ba za su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Hukuncinmu shi ne: idan manhajar ta cike tambayoyi ce a fitar da sakamako rana ɗaya, Firebase ya isar har da saura. Idan kuwa irin ta Tinder ake so, a riƙa jan hoto dama ko hagu ba iyaka, rukunin zai ƙare rabin zangon yana kokawa da Firestore maimakon gina manhaja.

Abin da ya iya

Saurin farawa ba a magana. A saka Node.js, a sauke firebase-tools, a buga firebase login, sai firebase init, sai firebase deploy. Kafin la'asar shafi ya hau, da adireshi mai ƙarewa da web.app da makullin HTTPS, ba a biya sisi ba. Hosting na kyauta yana ba da wurin ajiya na GB 10 da saukewar MB 360 a rana. Wannan adadi na biyu shi ne abin lura: idan nauyin shafinku ya kai MB 1, mutum 360 ne za su buɗe shi karon farko kafin kason ranar ya ƙare. Ku shigo da sassan Firebase da kuke bukata kaɗai, kada ku jibgo shi gaba ɗaya, ku kuma rage nauyin hotunan ado.

Rajista ita ce inda ya fi ceton ɗalibai. Babu dalilin da zai sa ɗalibi ya riƙa adana kalmar sirrin abokan karatunsa da kansa, kuma a nan ba ya ma ganinta. Shiga da imel ko da asusun Google layuka kaɗan ne. Amma akwai wurare uku da ake tuntuɓe. Saƙon tabbatar da imel yakan faɗa akwatin tarkace, don haka ku rubuta wa mai rajista ɓaro-ɓaro ya duba can. Shiga da Google ta hanyar signInWithRedirect tana gazawa a Safari da Firefox da sababbin Chrome idan adireshin shafin ya bambanta da authDomain da ke cikin saitin, saboda burauzojin sun toshe ajiyar da ke tsallaka shafuka. Mafita mafi sauƙi ita ce signInWithPopup. Na uku, Google ba ta yarda a shiga asusunta daga burauzar da ke cikin wasu manhajoji irin su Facebook da Instagram ba, don haka wanda ya latsa adireshin daga can zai ga an ƙi shi. Ku sa gargaɗi a shafin farko cewa a buɗe da Chrome. Masu Opera Mini a yanayin matse data ma haka, domin ba ta tafiyar da irin wannan shafi yadda ya kamata.

Hira ta nan take kuwa gidansa ce. Ana ɗora onSnapshot a kan tarin saƙonni, duk saƙon da ya shigo ya bayyana a wayar ɗayan ba tare da an sabunta shafi ba. Abu ɗaya ke karya ta a hannun sababbi. Daidai ne a yi amfani da serverTimestamp wajen sa lokacin saƙo, tunda agogon wayoyi ba abin dogaro ba ne, amma a ɗan tsakanin da saƙon bai isa saba ba, gurbin lokacin fanko yake dawowa a wayar mai aikawa. Kod ɗin da ya kira toDate a kansa sai ya faɗi, shafi ya yi fari fat. Ana gyara shi da neman lokacin ƙiyasi yayin karanta takardar saƙon (Firestore a takardu yake ajiye bayanai, takardun kuma cikin tari), wato a saita serverTimestamps zuwa estimate.

Abin da muka fi yaba masa, wanda kuma rukunai da yawa ba sa taɓawa, shi ne Emulator Suite. Kwafin Firebase ne da ke aiki a cikin kwamfutar mutum, ba data, ba ƙirge. Yana bukatar Java, ana tayar da shi da firebase emulators:start, allonsa yana buɗewa a ƙofa ta 4000, Firestore a 8080, rajista a 9099. Ga ɗalibin da ke aiki a ɗakin kwana inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ku ƙirƙiri mutanen bogi hamsin sau ɗaya, ku fitar da su zuwa fayil, kowa a rukunin ya riƙa shigo da su. Sai dai ku sani ba ya tilasta fihirisar haɗaka, wato jerin da Firestore ke bukata kafin ya amsa neman da ya haɗa sharuɗɗa da yawa. Neman da ya haɗa jinsi da shekaru da jerantawa zai yi aiki lafiya a kwamfutarku, ya ƙi a shafin gaske. Saƙon kuskuren yana zuwa da adireshin ƙirƙirar fihirisar, ku latsa, sannan ku saka ta cikin firestore.indexes.json don kada ta ɓace wa sauran.

Wajen aikin haɗin gwiwa, kada rukuni ya yi tarayya a asusun Gmail ɗaya. Ana gayyatar kowa da nasa, a ba shi matsayin mai gyara ko mai kallo. Ku buɗe aiki biyu, na gwaji da na gaske. Kuma ku yi yarjejeniya tun ranar farko cewa ba mai gyara dokokin tsaro, masu fayyace wa zai karanta ko ya rubuta me, a allon Firebase kai tsaye, domin duk ranar da wani ya buga firebase deploy daga kwamfutarsa, abin da ke cikin fayil ɗin firestore.rules zai shafe gyaran ba tare da ya tambayi kowa ba.

Kyautar ta ragu

Yawancin bidiyon koyarwa da ɗalibai ke bi an yi su ne kafin Google ta sauya sharuɗɗa, shi ya sa ake isa tsakiyar aiki a ci karo da bango. Tun ƙarshen Oktoban 2024, sabon aiki ba ya iya buɗe Cloud Storage sai ya koma Blaze. Cloud Functions dama tun tuni sai da Blaze. Aika lambar tabbatarwa ta saƙon waya ma sai an haɗa asusun biya, kuma kowane saƙo da kuɗinsa. Ke nan hotuna, da kod na saba, da rajista da lambar waya, ukun da manhajar soyayya ta fi so, duk suna bayan katin banki.

Gaskiya ne Blaze yana da kason kyauta a ciki, misali kiran Functions miliyan 2 a wata, da GB 5 na hotuna idan an ajiye ma'ajin a ɗaya daga yankuna uku na Amurka da aka ware. Ƙaramar manhaja za ta iya ƙare zango ba a cire ko kwabo ba. Matsalar ita ce samun katin da zai karɓu, tunda katunan naira sun sha fama da takunkumin biyan kuɗin waje, sai kuma wata da ta fi wannan: Blaze ba shi da birki. Gargaɗin kasafi imel kawai yake aikowa, ba ya tsayar da komai. Kuskure ɗaya a kod da ke maimaita kansa da dare, kuɗin yana hawa a kan katin ɗalibi ɗaya ko na yayansa da ya ara musu. Muna ganin wannan babban aibi ne ga sabis ɗin da ake tallata wa masu koyo.

Shawararmu ku zauna a Spark ku yi watsi da hotunan gaske. Ɗakin kod na DiceBear yana zana fuskokin barkwanci daga kowace kalma da aka ba shi, ba a adana komai sai kalmar. Manhajar wasa ce, kuma 'yan mata da yawa da ba za su taɓa ɗora hotonsu a shafin 'yan ajinsu ba za su shiga idan zane ne. Idan malami mai duba aikin ya dage sai da hoto, a rage shi a cikin burauza zuwa faɗin 400 da tsawon 400 ta hanyar sake zana shi a kan canvas, a ajiye shi a takardarsa daban cikin Firestore, tunda kowace takarda tana ɗaukar har MiB 1. Sake zanawar tana da wani amfani: tana goge bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto, waɗanda wani lokaci har da ainihin wurin da aka ɗauke shi.

Yadda ake ƙirga karatu

Spark yana ba da karatu 50,000 a rana, rubutu 20,000, gogewa 20,000, da ajiyar GiB 1. Adadin yana da girma a ido har sai an fahimci yadda ake ƙirgawa. Firestore kamar mai ruwa yake: jarka nawa ya sauke yake lissafawa, ba ruwansa da ko kun sha ko kun zubar. Duk takardar da ta bar saba karatu ɗaya ce, ko an nuna ta ko an watsar. Neman da bai samo komai ba ma karatu ɗaya ne. Takardun da kuke leƙawa a allon Firebase suna cikin lissafi. Takardun da dokar tsaro ta duba da get ko exists su ma haka, ko da a ƙarshe ta ƙi buƙatar.

Mu yi lissafi. A ce ɗalibai 300 sun shiga ranar buɗewa, kowa ya duba mutum 100. Karatu 30,000 ke nan. Idan rabinsu suka buɗe hira sau uku, kowane buɗewa yana ɗauko saƙonni 50, an ƙara 22,500. An wuce iyaka tun kafin isha'i, daga nan kowa sai ya ga kuskuren resource-exhausted. Kason yana sabuntawa ne da tsakar daren yammacin Amurka, wato ƙarfe 8 ko 9 na safe a Najeriya da Nijar gwargwadon lokacin shekara. Wanda zai kare aikinsa ƙarfe 8 na safe bayan an kwana ana gwaji, ya yi hattara da wannan.

Raunin sabis yana ƙara tsananta abin. Idan ba a kunna ajiyar cikin waya ba, duk sanda haɗin ya yanke ya dawo, ana sake ƙirga neman kamar sabo. Idan an kunna, sai yankewar ta wuce minti 30 ake sake ƙirgawa. Don haka ku kunna persistentLocalCache, ku taƙaita hira zuwa saƙonni 20 na ƙarshe da limit, ku ɗauko na baya da startAfter idan an nema. Masu gina shafi da ɗakin kod na React kuma su tabbata kowane onSnapshot da aka buɗe cikin useEffect an rufe shi yayin barin shafin. Mantawa da wannan layi ɗaya ya isa ya cinye kason rana.

Inda gizo ke saƙa

Zuciyar manhajar jan hoto tambaya ɗaya ce: nuna min mutanen da ban taɓa gani ba. A rumbu mai SQL, yaren neman bayanai a rumbu mai jadawali, jimla ɗaya ce da NOT EXISTS. Firestore ba ya haɗa tari biyu a nema ɗaya, kuma not-in ɗinsa ba ya ɗaukar fiye da abu 10. Da mutum ya wuce fuska ta goma, hanyar ta toshe. Abin da ɗalibai ke yi sai su ɗauko kowa da kowa su tace a waya, wanda shi ne ainihin abin da ke ƙone kason karatu.

Hanyoyi biyu ne masu aiki. Ta farko a jera mutane bisa lokacin rajista, kowa a adana masa inda ya tsaya, gobe ya ci gaba daga nan. Ba maimaici, sababbi kuma suna zuwa a ƙarshe. Aibinta shi ne kowa jeri ɗaya yake gani, waɗanda suka riga yin rajista su kwashe dukan kallo, kuma da mutum ya sauya shekarun da yake nema alamar ta lalace. Ta biyu ta fi dacewa da 'yan ɗaruruwa: a yi takarda ɗaya mai ɗauke da lambar shaidar da Firebase ya ba kowa da jinsinsa da rukunin shekarunsa. Mutum 300 ba za su kai KB 30 ba. Waya ta karanta ta sau ɗaya, ta cire waɗanda aka gani, ta gauraya sauran, ta riƙa ɗauko goma-goma. Kada a bar masu amfani su rubuta cikin wannan takarda. Wani ɗan rukuni ya riƙa sabunta ta da ƙaramin kod na Admin SDK, kayan aikin Firebase na masu kula da manhaja, daga kwamfutarsa, wanda yake aiki ko a Spark.

Sai batun so ya zo ɗaya. Ba a son Audu ya san Binta ta zaɓe shi sai idan shi ma ya zaɓe ta, kuma babu Functions da zai duba a ɓoye. Ga dabarar. Kowane zaɓi takarda ce mai suna lambar mai zaɓa haɗe da ta wanda aka zaɓa, ba mai karanta ta sai wanda ya rubuta. Bayan kowane zaɓi, wayar ta yi ƙoƙarin ƙirƙirar takardar dacewa, wadda sunanta lambobin biyu ne a jere bisa haruffa, don kada a samu takardu biyu na mutum biyu. Dokar tsaro ta duba da exists cewa zaɓin ɓangarorin biyu yana nan. Idan babu, ta ƙi, wayar ta yi shiru. Idan akwai, takardar ta samu, hira ta buɗe wa su biyun. Tilas a jira saba ta tabbatar da rubutun farko kafin a gwada na biyu, in ba haka ba mutum biyu da suka zaɓi juna a daƙiƙa ɗaya za su iya kuskure juna. Amma wannan jiran ba ya ƙarewa idan babu sabis, don haka kada ku daskarar da allo a kansa.

Nisan wuri kuwa ku bar shi. Firestore ba shi da neman waɗanda ke cikin kilomita kaza sai an bi ta geohash, hanyar mayar da wuri zuwa jerin haruffa, kuma haɗarinsa ya fi amfaninsa. A 2014 masu binciken tsaro na Include Security sun nuna cewa Tinder tana aika ainihin nisa zuwa waya, har ana iya aunawa daga wuri uku a gano inda mutum yake. A cikin makaranta, inda kowa ya san ɗakunan kwanan mata, sunan tsangaya ya wadatar.

Ƙaramin abu ga masu rubuta Hausa: Firestore yana kwatanta rubutu harafi da harafi, don haka Ɗanlami da Danlami da danlami suna uku ne a wurinsa. Ku ajiye gurbi na biyu da ƙananan haruffa marasa lanƙwasa don nema. Da hannu za ku musanya ɗ da ƙ da ɓ, domin hanyar da aka saba cire wa haruffan Faransanci alama ba ta taɓa su.

Dokokin tsaro

Nan ne aikin ke zama amana. A Firebase waya tana magana da rumbu kai tsaye, babu sabarku a tsakani, dokokin nan su kaɗai ne ƙofa. Makullin API da ke cikin shafi ba sirri ba ne, kowa zai iya ganinsa, kuma haka aka tsara. Wanda yake sirri shi ne fayil ɗin asusun sabis na Admin SDK, wanda ke tsallake dukan dokoki. Kada ya taɓa shiga GitHub, shafin da ake ɗora kod a raba.

Yanayin gwaji da ake zaɓa ranar farko yana buɗe rumbun ga duk duniya na kwana 30, sannan ya rufe gaba ɗaya. Ranar da ya rufe manhaja ta tsaya, sai wani ya yi sauri ya rubuta dokar da ta ba kowa izini har abada don a ci gaba da aiki. Ku duba abin da ya faru da Tea, manhajar da mata ke amfani da ita a Amurka wajen bincikar mazan da za su haɗu da su: a Yulin 2025 hotuna kusan 72,000 suka fita daga wani tsohon ma'ajinta na Firebase da ba a kulle ba, kusan 13,000 daga ciki hotunan fuska ne da na katin shaida.

Abubuwa biyu game da dokokin suna ruɗa kusan kowa. Na ɗaya, takarda sukutum suke bayarwa ko su hana, ba sa ɓoye gurbi ɗaya. Idan lambar waya da ranar haihuwa suna takarda ɗaya da laƙabi, duk wanda ya ga laƙabin ya samu lambar, ko da shafin bai nuna ta ba. A raba bayanan kowa gida biyu, na fili da na sirri. Na biyu, dokoki ba rariya ba ne. Idan doka ta ce mutum hirarsa kaɗai zai karanta, shi kuma kod ya nemi dukan hirarraki, ba za a tace masa nasa ba, za a ƙi neman ne gaba ɗaya. Tilas neman ya ɗauki sharaɗin da ke cikin dokar.

Toshewa da kai ƙara ba kayan ado ba ne da za a bari sai an samu lokaci. Dokar aika saƙo ta duba ko akwai takardar toshewa, domin ɓoye maɓalli a shafi ba ya hana wanda ya iya kod. Idan makarantar tana ba ɗalibai imel mai aiki, doka za ta iya taƙaita shiga ga masu wannan adireshi da suka tabbatar da shi. Idan babu, a raba lambobin gayyata masu amfani sau ɗaya. Muzz, manhajar neman aure ta Musulmi, tana ba da damar sa waliyyi ya riƙa ganin hira, kuma gina irin wannan a Firestore bai wuce ƙara lamba ta uku cikin jerin masu izinin karantawa ba. Ga yanayinmu wannan ya fi kowane ado daraja.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa addini da ƙabila da lafiya cikin bayanai masu tsauri, ta kuma ɗauki wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ga shi a ajin farko na jami'a akwai 'yan 16 da 17. Ku hana su shiga. Tambayar jinin AS da SS tana da muhimmanci a aure, har Kano ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure a 2024, amma ba ta da gurbi a manhajar wasa ta 'yan aji.

Abin da za a gina, da abin da za a zaɓa

Tsarin da ya dace da Firebase shi ne na su Datamatch. Tambayoyi 20 zuwa 25 na raha, kowace da zaɓi biyar, mako ɗaya na cikewa, kowa rubutu ɗaya. Ranar rufewa kod na Admin SDK ya karanta amsoshin sau ɗaya. Maza 150 da mata 150 ma'aurata 22,500 ke nan da za a auna, abin da kowace kwamfutar cinya za ta gama nan take, kuma karatu 300 kawai aka kashe. A jera wa kowa zaɓinsa bisa kusancin amsoshi, a bi hanyar Gale da Shapley ta 1962, wadda ke tabbatar da cewa ba za a samu mutum biyu da suka fi son juna a kan waɗanda aka ba su ba. Ku rubuta a rahotonku cewa hanyar tana fifita ɓangaren da ke fara nema, ku kuma faɗi wanda kuka zaɓa da dalili. Idan maza sun fi yawa, kamar yadda aka saba gani a ajin kwamfuta, rarar za ta tashi babu kowa, don haka a tanadi zaɓin neman abokin karatu, ko a ba kowa suna uku.

Rukunin da ya dage kan jan hoto, ko wanda darasinsa na SQL ne, ya duba Supabase, wani dandali mai irin aikin Firebase. Rumbun SQL mai suna PostgreSQL ne a ƙasansa, tsarin kyautarsa yana ba da rumbu na MB 500 da ma'ajin hotuna na GB 1 ba tare da kati ba, kuma ba ya ƙirga takardu ɗai-ɗai. Farawarsa ta fi nauyi kaɗan, kuma yana dakatar da aikin kyauta idan ya yi mako ɗaya ba a taɓa shi ba, don haka a tayar da shi kwana biyu kafin ranar kare aiki.

Masu zama da Firebase su kula da yankin da za a ajiye rumbu tun ranar farko, domin ba ya sauyuwa bayan an zaɓa. Akwai na Turai, akwai na Johannesburg, ku gwada saurin kowanne da layin da ɗalibanku ke amfani da shi. Bayan an ba da maki kuma a share komai, a kuma san cewa goge mutum daga Authentication ba ya goge bayanansa a Firestore, goge takardar hira ma ba ya goge saƙonnin da ke ƙarƙashinta. Umarnin firebase firestore:delete da zaɓin recursive shi ke kwashe su har ƙasa. Ku sanar da masu rajista ranar sharewar tun a shafin farko, ku sa sunan wanda zai yi ta cikin jadawalin rabon aiki.